Hukuncin Kisa a Najeriya: Mu Auna Wa Kowa da Mudu Ɗaya



A ƙarshen shekarar 2025 abubuwa biyu sun faru kusa da juna, kuma da wuya a sami ikilisiya a Arewa da ba a yi zancensu ba. A watan Nuwamba 'yan bindiga suka shiga makarantar St. Mary da ke Papiri a Jihar Neja, suka kwashe yara da malamai fiye da 200. Rai ya ɓaci ko'ina, har Majalisar Dattawa ta ɗauko batun a mayar da garkuwa da mutane laifin ta'addanci, a riƙa yanke wa mai yin sa hukuncin kisa. Da yawa daga cikinmu muka ce haka ya kamata. A watan Disamba kuma, ana gab da Kirsimeti, Gwamnan Jihar Adamawa, Ahmadu Umaru Fintiri, ya yi wa Sunday Jackson afuwa, manomin nan da Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da hukuncin rataya. Muka yi murna, muka gode wa Allah.

Wata Lahadi bayan an tashi sujada, wani dattijon ikilisiya ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Fasto, to mu ina muka tsaya? Jiya mun ce a kashe, yau mun ce a yafe." Tambayar ta dace, kuma ba ta amsuwa a tsaye a bakin ƙofa. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Shari'ar Jackson da yadda dokarmu take

Bisa ga bayanin da Jackson ya yi wa kotu, yana aiki a gonarsa ne wani makiyayi ya far masa da wuƙa, ya ji masa rauni. Suka yi kokawa, ya ƙwace wuƙar, ya soke shi, makiyayin ya mutu. Babbar Kotun Jiha a Yola ta yanke masa hukuncin kisa a 2021, tana ganin cewa tunda ya riga ya ƙwace wuƙar, da ya gudu. A ranar 7 ga Maris 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin, amma ɗaya daga cikin alƙalan, Mai Shari'a Helen Ogunwumiju, ta ƙi yarda da sauran, ta ce kāre kai ya yi. Kafin afuwa ta zo ya yi wajen shekara goma a tsare.

Sashe na 33 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin rayuwa, amma ya bar ƙofa ga hukuncin kisa idan kotu ce ta yanke. A laifin kisan kai da na fashi da makami, hukuncin tilas ne: da zarar alƙali ya sami mutum da laifi, ba shi da ikon sassautawa, ko da ya ga dalilin yin haka. Bayan an gama ɗaukaka ƙara, sai gwamna ya sa hannu kafin a zartar, kuma shi ne sashe na 212 ya ba ikon yin afuwa. Yawancin gwamnoni tun 1999 sun ƙi sa hannu. Kisa na ƙarshe da aka sani an zartar shi ne na mutum uku a Jihar Edo a watan Disamba na 2016. Kotuna kuwa ba su daina yankewa ba. A yau mutum fiye da 3,000 ne ke zaune a gidajen gyaran hali suna jiran ranar da ba wanda ya san ta.

Allah ya ba hukuma takobi

Mu fara da abin da ba za mu iya musu ba. Bayan ruwan tsufana Allah ya gaya wa Nuhu cewa jinin mutum ba ya zuba a banza, mai kisa zai amsa da nasa ran, domin an halicci mutum cikin kamannin Allah (Farawa 9:6). Wannan magana ta riga Shari'ar Musa. A Sabon Alkawari kuma Bulus ya koya wa Romawa cewa mai mulki ma'aikacin Allah ne domin hukunta mai mugunta, kuma takobin da ke hannunsa ba na ado ba ne (Romawa 13:4). Shi kansa Bulus, da ya tsaya gaban gwamna Fastas, ya nuna cewa in har ya yi laifin da ya kai ga kisa, ba zai guje wa hukuncin ba (Ayyukan Manzanni 25:11). Masu neman a kashe masu garkuwa da mutane ma suna da ayar da za su nuna, domin Fitowa 21:16 ta sa satar mutum cikin laifukan kisa.

Saboda haka duk wanda ya ce Littafi Mai Tsarki ya haramta hukuncin kisa ɗungum, ya faɗi abin da ba a rubuta ba. Sai dai Littafin nan ɗin ne ya nuna mana Allah yana sa wa Kayinu alama don kada a kashe shi, yana barin Dauda da rai bayan jinin Uriya, yana kuma shaida ta bakin Ezekiyel cewa tuban mugu ya fi so a kan mutuwarsa (Ezekiyel 33:11). Ikilisiya ta daɗe tana riƙe da waɗannan biyun tare. A farkon ƙarni na biyar, Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, ya yarda hukuma tana da ikon takobi. Duk da haka, da aka kama waɗanda suka kashe wani limamin ikilisiyarsa, sai ya rubuta wa jami'in Roma yana roƙo a hukunta su amma a bar su da rai, ko sa tuba. A zamaninmu Cocin Katolika ta canza koyarwarta a 2018 ta ce hukuncin kisa ba abin karɓa ba ne, wasu ɗarikoki kuma suna kan ra'ayin dā. Masu bi na gaskiya sun bambanta a nan, kada mu mai da shi ma'aunin wanda ya san Allah.

Takobin yana da sharuɗɗa

Abin da muka fi mantawa shi ne, Allah bai miƙa takobin nan haka kawai ba. Ya kewaye shi da shinge.

Na farko, shaida. Ba a kashe mutum a kan bakin mutum ɗaya, sai biyu ko uku (Littafin Ƙidaya 35:30, Maimaitawar Shari'a 17:6). Shaidun ne za su fara jifa, domin nauyin jinin ya hau kansu. In kuwa aka gane mutum ya yi shaidar zur, hukuncin da ya nema wa ɗan'uwansa shi za a yi masa (Maimaitawar Shari'a 19:16-19).

Na biyu, niyya. Shari'a ta bambanta wanda ya yi kwanto ya kashe da wanda kisa ya auku a hannunsa ba da shiri ba. Don haka aka keɓe biranen mafaka shida, inda mutum zai gudu kafin a saurari maganarsa. Maigidan da ya bugi ɓarawon da ya fasa masa gida da dare har ya mutu, ba a ɗora masa alhakin jini ba (Fitowa 22:2). Satar dabba kuwa biya ake yi har ninki, ba a kashe mutum a kanta.

Na uku, rashin son kai. An hana alƙali duban fuskar mai arziki ko ta matalauci (Littafin Firistoci 19:15). Doka ɗaya ce ga ɗan ƙasa da baƙo (Littafin Firistoci 24:22). An kuma hana karɓar fansa a kan ran mai kisankai, don kada mai kuɗi ya sayi kansa a bar talaka da igiya.

Ko da wannan shinge duka, Littafi Mai Tsarki bai ɓoye mana yadda mutane ke tsallake shi ba. Yezebel ta samo shaidu biyu cif, aka cika ƙa'ida, aka jajjefe Nabot saboda gonar inabinsa (1 Sarakuna 21). An kashe Istifanas da shaidun ƙarya. Ubangijinmu kansa hukuma ce ta zartar masa da hukuncin kisa, bayan Bilatus ya faɗa har sau uku cewa bai sami laifi a gare shi ba. Mu da muke sujada a ƙarƙashin alamar gicciye bai kamata mu zama masu saurin gaskata cewa kotu ba ta kuskure ba.

Mu auna ƙasarmu da waɗannan sharuɗɗa

A kan shaida: shari'o'in kisa da fashi da yawa a ƙasar nan suna tsayawa ne a kan takardar amsa laifi da aka rubuta a ofishin 'yan sanda, sau da yawa da Turancin da wanda ake tuhuma ba ya ji. Da ba a san ana tilasta wa mutane amsa laifi ba, da ba a yi dokar 2015 wadda ta nemi a ɗauki bayanin a bidiyo ko a gaban lauya ba, da kuma ba a yi dokar hana azabtarwa ta 2017 ba. Tun a 2004 kwamitin da gwamnatin Obasanjo ta kafa don nazarin hukuncin kisa ya ba da shawarar a dakatar da zartarwa, saboda bai ga tsarin shari'armu ya kai a amince masa da rai ba.

A kan niyya da girman laifi: hukuncin tilas ya ɗaure hannun alƙali. A Jihar Osun an kama Segun Olowookere a 2010 yana ɗan shekara 17, a kan zargin shiga gidan mutane da makami da satar kaji. A 2014 aka yanke masa hukuncin kisa, domin doka ta kira abin fashi da makami. Sai a Disamba 2024 Gwamna Ademola Adeleke ya yi masa afuwa, bayan labarin ya bazu a kafafen sada zumunta. Mutum nawa ne irinsa da labarinsu bai bazu ba?

A kan son kai: duk wanda ya taɓa zuwa wa'azi a gidan yari ya ga su waye suka cika sashen masu jiran kisa. A ziyarce-ziyarcen da na yi, manoma na tarar, da 'yan acaɓa, da leburori, da makiyaya. Akwai wanda ya ce mini bai taɓa zama da lauyansa ba sai ranar da suka haɗu a kotu. Mai hali yana ɗaukar babban lauya ya bi shari'arsa har Abuja. Talaka kuwa wa'adin ɗaukaka ƙara kan wuce shi bai ma sani ba. A gefe guda kuma, waɗanda suka ƙone ƙauyuka a Filato, Binuwai, Kudancin Kaduna da Zamfara, kaɗan ne ƙwarai suka taɓa tsayawa gaban alƙali. An kashe Deborah Samuel a Sakkwato a watan Mayu na 2022 da rana tsaka, aka ɗauki bidiyo, har yau ba a hukunta kowa saboda jininta ba.

Akwai kuma abin da ya bambanta kisa da kowane hukunci: ba ya gyaruwa. A 1981 aka kashe Nasiru Bello a Jihar Oyo alhali ƙarar da ya ɗaukaka tana gaban kotu. Kotun Ƙoli ta ce an yi kuskure a 1986, shekara biyar bayan an binne shi. A 1985 gwamnatin soja ta harbe mutum uku a kan miyagun ƙwayoyi, da dokar da aka kafa bayan sun aikata laifin. A ranar 10 ga Nuwamba 1995 aka rataye Ken Saro-Wiwa da 'yan'uwansa takwas na Ogoni, sai a 2025 Shugaba Tinubu ya yi musu afuwa, shekara talatin bayan mutuwarsu. Mu a Arewa muna tune da Janar Zamani Lekwot da dattawan Atyap waɗanda kotun musamman ta yanke wa hukuncin kisa a 1993 bayan rikicin Zangon Kataf. Da an yi gaggawar zartarwa, da sassaucin da ya zo daga baya bai tarar da kowa ba.

To, jinin waɗanda aka kashe fa?

Na san abin da wasu za su ce, domin na tsaya a bakin kabarin 'yan ikilisiya da aka kashe a gona, na kuma rasa abin da zan gaya wa matansu. Za a ce, Fasto, ka yi ta maganar masu laifi, ina maganar Rabaran Lawan Andimi da Boko Haram suka kashe a Janairu 2020? Ina masu sujada na Owo? Ina Hanifa, yarinya 'yar shekara biyar da mai makarantarsu ya sace ya kashe a Kano? Wannan kuka daidai ne. Jinin Habila ya yi kuka daga ƙasa, Allah kuma ya ji. Gafarar da Kirista ke yi wa wanda ya cuce shi ba ta ɗauke wa hukuma aikinta. A Romawa 12 an hana mu ramako, a Romawa 13 aka nuna mana wanda aka ɗora wa hukunci. Gwamnatin da ta bar mai kisa yana yawo ta yi wa Allah laifi.

Amma mu tambayi kanmu ko tsananta hukunci a takarda shi ne zai share wa gwauraye hawaye. A shekarun 1970 an riƙa harbe 'yan fashi a bainar jama'a a bakin teku a Legas, an harbe Lawrence Anini a 1987, fashi bai ƙare ba. Jihohi da dama sun yi dokar kisa ga masu garkuwa da mutane shekaru da suka wuce, sana'ar sai haɓaka ta yi. Ɗan bindigar da ke daji ba ya lissafin ko rataya ce ko ɗaurin rai da rai, domin ya san da wuya a kama shi. Mai Hadishi 8:11 ya riga ya faɗi dalili: idan hukunci ya yi jinkiri, zuciyar mutane takan ƙarfafa ga mugunta. Abin da ya ɓace mana shi ne kamawa, da bincike na gaskiya, da shari'a a kan lokaci. Ɗan siyasa ya fi samun sauƙin ƙara wa doka kaifi a kan ya gyara waɗannan, kuma idan muka tafa masa a kan haka, mun sallame shi da arha.

Mudu ɗaya

Yanzu ga amsar da zan ba dattijon nan. Ba laifi ba ne da muka tsaya wa Sunday Jackson. Laifin zai zo ne idan ya zamana don sunansa Sunday muka tsaya masa. Dalilan da muka kawo a kansa, wato a duba niyya, a duba halin da mutum ya sami kansa, kada a ɗauki rai a kan abin da alƙalai kansu suka rabu a kai, dalilai ne da suka shafi kowa. Sun shafi saurayin Bafulatani da aka kamo bayan an kai hari don kawai an gan shi a hanya, aka yi masa shari'a ba tafinta. Sun shafi Yahaya Sharif-Aminu, mawaƙin Kano, Musulmi, wanda kotun shari'ar Musulunci ta yanke wa hukuncin kisa a 2020 ba tare da lauya ba, har babbar kotu ta soke hukuncin ta ce a sake shari'ar. Sun shafi mafarauta 16 'yan Arewa da taron jama'a suka kashe a Uromi a watan Maris na 2025 a kan zato. Makiyayin da ya mutu a gonar Jackson ma cikin kamannin Allah aka halicce shi, yana kuma da iyayen da suka yi kukansa. Karin Magana 20:10 ta ce Ubangiji yana ƙyamar mudu iri biyu. Hausawa suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Idan muna neman jinƙai ga namu, igiya ga na wasu, ƙabilanci muke yi da sunan adalci.

Matsayina shi ne wannan. Na gaskata Allah ya ba hukuma ikon takobi. Ban gaskata cewa tsarin shari'armu a yau ya cika sharuɗɗan da Allah ya gindaya wa wannan iko ba. Saboda haka ina ganin ya kamata ikilisiya ta nemi a dakatar da zartar da kisa a dokance, a maimakon a bar rai yana rataye a kan halin gwamnan da ke kan kujera. A cire hukuncin tilas, a bar alƙali ya auna kowace shari'a. A sake duba shari'ar waɗanda ke jira, musamman waɗanda aka yanke wa hukunci a kan amsa laifi kaɗai. Wanda aka tabbatar ya yi kisa da gangan kuwa a ɗaure shi ɗauri na gaske, wanda kuɗi ko sanayya ba za su kwance ba. Ƙasashen Afirka irin su Chadi, Saliyo da Zambiya sun soke hukuncin kisa a 'yan shekarun nan, Gana ma ta cire shi daga laifin kisan kai a 2023. Ko za mu bi sahunsu, muhawara ce da za a ci gaba da yi, kuma ɗan'uwan da ya saɓa mini a nan ɗan'uwana ne. Abin da ba za mu saɓa a kansa ba shi ne, kada a kashe marar laifi da sunanmu (Fitowa 23:7).

Abin da ke hannunmu

Akwai aikin da ba sai mun jira majalisa ba. Kowace gunduma ta ikilisiya tana da gidan yari kusa da ita. Mu je, kamar yadda Ibraniyawa 13:3 da Matiyu 25 suka umarce mu, mu kuma tambayi su wane ne ba su da lauya, ba tare da tambayar addininsu ba. Lauyoyin da ke cikin ikilisiyoyinmu su ɗauki ko da shari'a ɗaya a shekara kyauta. Dokar Hukumar Gyaran Hali ta 2019 ta ba Babban Jojin jiha ikon mayar da hukuncin kisa zuwa ɗaurin rai da rai ga wanda ya gama ɗaukaka ƙara ya kuma yi shekara goma yana jira. Mutane da yawa ba su san da wannan ba, sai an sami mai rubuta musu takarda.

Idan ka ga laifi da idonka, ka je ka ba da shaida, ka faɗi abin da ka gani kaɗai, ko da wanda ake tuhuma ɗan ƙabilarka ne, ko da kuma abokin gābarka ne. Iyaye da shugabannin matasa su ja wa yaranmu kunne: duk wanda ya ɗaga dutse a cikin taron da aka yi ihun ɓarawo, mai kisankai ne a gaban Allah, komai yawan mutanen da suka jefa tare da shi. Kada kuma mu manta da gwauraye da marayun waɗanda aka kashe bayan an watse daga jana'iza. Kuɗin makarantar yaransu da bin shari'arsu a kotu har ƙarshe, aikin ikilisiya ne.

A ƙarshe mu tuna da mutumin da aka gicciye kusa da Yesu, wanda ya amsa da bakinsa cewa hukuncinsa daidai ne, ya kuma sami alkawarin Firdausi a sa'arsa ta ƙarshe (Luka 23:39-43). Dukanmu masu jiran hukunci ne da aka yi wa afuwa da jinin wani. Ubangiji ya ba alƙalanmu da gwamnoninmu tsoronsa, ya ta'azantar da waɗanda aka zubar da jinin 'yan'uwansu, ya kuma ba mu zuciyar da za ta auna wa kowa da mudu ɗaya. Amin.